Ranar da Ruwa Ya Tsare Ayari a Kan Dutse

Basakkwace bai taso yana kallon ruwan sama a matsayin abin tsoro ba. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, mata su kwashe shanya da gudu, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya na awa ɗaya ko biyu, sannan ya ɗauke. Yara sun yi wankansu a ƙarƙashin indararo, manoma sun yi hamdala, rigar da ta jiƙe an rataya ta a igiya, kafin La'asar ta bushe ƙayau. Wanda ya sha zafin Afrilu da Mayu a garin nan, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, dole ya so ruwa.

Wannan sabon ne yake cutar da mutanenmu idan suka bi ayarin masu hawan dutse a ƙasar waje. Yanzu ana samun ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa da ke haɗa kuɗi su tafi irin wannan tafiya, kuma kusan duk shirinsu a kan ranar da za a kai ƙololuwa yake. Ranar da ba a shirya mata ita ce wadda gari zai waye da yayyafi, hazo ya rufe komai, ja-gora ya leƙo ya ce yau ba gaggawa. Ranar tana kama da hutu, amma a cikinta ake ɓata safa, a jiƙa jakar barci, a kwana da ciwon kai ba a faɗa wa kowa ba, kuma a cikinta ake yin faɗa.

Zan ɗauki Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya a matsayin misali, domin shi ne dutsen da ya fi kowanne tsawo a Afirka, mita 5,895, kuma shi mutanenmu suka fi ambata. A cikin hanyoyin hawansa, hanyar Marangu ce kaɗai ake kwana a ɗakunan katako maimakon tanti. Ana tashi daga ƙofar gandun dajin Kilimanjaro a tsawon wajen mita 1,860 daga teku, a kwana a Mandara a mita 2,700, washegari a isa Horombo a mita 3,720. Masu tafiyar kwana shida suna ƙara kwana ɗaya a Horombo don jiki ya saba da ƙarancin iska kafin a wuce Kibo, a mita 4,700. Manyan ruwan yankin suna sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙananan kuma a wajen Nuwamba, amma dajin da ke gindin dutsen yana iya jiƙa mutum a kowane wata.

Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Garin Moshi da ake tasowa daga cikinsa yana wajen mita 900. In ka bar shi a digiri 28, to a Horombo ka sa ran digiri 10 da rana, da dare kuma abin yana gangarowa kusa da sifili. Sakkwato kuwa tsawonta daga teku bai fi mita 300 ba. Sannan ruwa yana janye zafin jiki kusan ninki 25 fiye da busasshiyar iska. Ma'ana, digiri 10 da jiƙaƙƙiyar riga da iska mai kaɗawa sun fi sanyin hunturun Janairu na gida haɗari nesa ba kusa ba, domin hunturu busasshe ne, shi kuwa wannan yana shiga ta cikin tufa ya zauna a fata. Ba sai ƙanƙara ta sauka sanyi ke kashe mutum ba.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro suna da tsarin da har yau yana da amfani: akwai madugu mai yanke hukunci, akwai jagaba da ya san hanya, kuma ba a tashi daga zango sai sun yarda. Ayarin hawan dutse ma haka ya kamata ya kasance, kuma tun a Sakkwato za a naɗa madugun, kafin kowa ya biya kuɗin jirgi. A yi yarjejeniya a fili cewa a kan yanayi da lafiya maganar ja-gora ɗan ƙasa ce ta ƙarshe, madugu kuwa aikinsa ya isar da ita ga mutanensa da harshen da za su karɓa. In ba a yi haka ba, ranar ruwa za a ji mai cewa shi kuɗinsa ya biya, ba zama ya zo yi ba, kuma in mai maganar ya girmi kowa ko shi ya ɗauki nauyin wasu, ba wanda zai iya musa masa. A ganina rabin matsalolin irin wannan rana daga nan suke fitowa.

Da safe tambayoyi uku ake yi wa ja-gora. Akwai tsawa? Akwai ƙoramar da za a tsallaka? Ƙarfe nawa za a juyo, an kai inda ake so ko ba a kai ba? Yayyafi kawai ba ya hana fita. A Horombo al'ada ce a hau zuwa wasu duwatsu masu zane fari da baƙi irin na jakin dawa, waɗanda ake kira Zebra Rocks, a wajen mita 4,000, a dawo a kwana ƙasa. Wannan 'yar tafiya tana taimakon jiki, kuma sau da yawa gajimare sai hantsi ya ɗaga yake tarowa, don haka fita da sassafe ta fi jira a ga ko zai ɗauke. Jiran ruwa ya ɗauke dabarar gida ce. A can yana iya wuni yana zuba siriri ba tare da ya ƙaru ko ya ragu ba.

Tsawa kuwa ba a wasa da ita. In an ga walƙiya a fara ƙirga daƙiƙa har a ji ƙara, a raba da uku, abin da ya fito shi ne nisanta a kilomita. In ƙirgen bai kai 30 ba, a sauka daga tudu da ƙoƙuwar dutse, a nisanci bishiya tilo, a ajiye sandunan ƙarfe gefe, kuma kada ayari ya dunƙule wuri guda: a bar tazara tsakanin mutum da mutum domin in aradu ta faɗi kada ta haɗa da kowa. Ba a komawa fili sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba. Ƙorama mai gudu da ta haura gwiwa ba a shigarta. Wadda ba ta kai ba, a kwance ɗamarar jaka ta ƙugu, a fuskanci inda ruwan ke tahowa, a tafi a karkace da sanda, kuma da takalmi a ƙafa. Cire takalmi don kada ya jiƙe shi ke jawo santsi da yankan dutse.

A yi hattara da agogo ma. Tanzaniya tana gaban Najeriya da awa biyu, sannan masu jin Suwahili suna fara ƙirga awa daga fitowar rana, abin da suke kira ƙarfe ɗaya na safe shi ne bakwai a agogonmu. In kuku ko ɗan dako ya faɗi lokaci, a nuna masa fuskar agogo a tabbatar.

Yanzu tufa, kuma a nan zan daɗe. Duk abin da muka saba sawa na auduga ne: singileti, shadda, yadi, atamfa, wandon jins, safar kasuwa. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, shi ya sa take da daɗi a zafin Sakkwato, domin tana sanyaya jiki. A kan dutse ma aikin nan take yi, a lokacin da ba a so. Rigar da za ta taɓa fata ta zama ta roba irin ta 'yan ƙwallo ko ta ulu. A kanta a ɗora suwaita mai laushi ta roba wadda ba ta riƙe ruwa. A waje sai rigar ruwa mai hula da wandonta. Ana samun duk waɗannan a wurin 'yan gwanjo in an yi haƙurin tonawa, amma a juya rigar ruwan a duba cikinta: kowane ɗinki ya kasance an manne shi da wani siririn tef. In tef ɗin ya ɗaɗɗago, ko cikin rigar yana zubar da farin gari kamar amosani, ta gama aiki, ta kafaɗa za ta fara yoyo inda igiyar jaka ke gugarta. A sabuwa kuma a nemi wadda aka rubuta tana jure matsin ruwa na milimita 10,000 ko fiye. Kafin a bar gida a gwada ta: a saka, a tsaya ƙarƙashin shawa ko wani ya yi ta kwara ruwa da buta na minti goma, sannan a cire a duba inda rigar ciki ta yi naso.

Babbar rigar sanyi mai cike da gashin tsuntsu ba ta ruwa ba ce. Da ta jiƙe gashin yake cuɗewa ya zama dunƙule, ba ta ƙara ɗumama kowa, kuma a wannan yanayi ba za ta bushe ba har a sauko. A bar ta a jaka sai an shiga ɗaki.

Ƙa'idar da ta fi kowace wuya ita ce ta kaya kashi biyu. Kashi ɗaya na tafiya, wanda aka yarda ya jiƙe. Kashi ɗaya na barci: riga, wando, safa, hula, wanda ba ya fita waje ko da na minti ɗaya ne, ko da zagayawa za a yi. Da safe, in kayan tafiya ba su bushe ba, su za a sake sawa a jiƙe. Minti goma na farko akwai azaba, daga nan jiki ya ɗumama su. Wanda ya ji tausayin kansa ya fita da busassun kayan barcinsa, da yamma yana da jiƙaƙƙu kashi biyu, ba shi da abin kwana.

Murfin da ake rufa wa jaka ta waje ba ya isa, ruwa yana bin bayan mutum ya shiga ta inda jakar ta manne da jiki. Kariyar gaske a ciki take. Sai dai a sani, tun watan Yunin 2019 Tanzaniya ta hana shiga da ledar sayayya, don haka kada a cika akwati da baƙar ledarmu. A sayi jakunkunan da aka yi don wannan aiki, waɗanda ake naɗe bakinsu sau uku a ɗaure: ɗaya ta jakar barci, ɗaya ta kayan kwana, ƙarama ta fasfo da katin rigakafin shawara da kuɗi da waya.

Ga 'yan'uwa mata, dogon hijabi har ƙasa da abaya suna jan ruwa daga ciyawa su yi nauyi, su kuma harɗe ƙafa a wurin santsi. Ba sai an bar sutura ba. Wandon ruwa mai faɗi, da doguwar riga ta roba zuwa gwiwa, da gajeren hijabi na roba wanda ake cusawa cikin wuyan riga, a ɗora babbar rigar ruwa mai kama da alkyabba wadda ke rufe mutum har da jakarsa, sun suturta fiye da abayar da ta jiƙe ta manne. A riƙe hijabi na biyu busasshe tare da kayan barci, domin jiƙaƙƙen ƙyalle a kai da wuya yana kwashe zafin jiki da sauri.

In an fita, a fara tafiya ana ɗan jin sanyi. Wanda ya jibga kaya ya rufe zif har haɓa, cikin minti ashirin gumi zai jiƙa shi daga ciki, ya ɗauka rigar ce ke yoyo. A buɗe zif na hammata in akwai, a rage sauri har mutum ya iya magana ba haki. 'Yan dakon can ba su da kalmar da ta wuce "pole pole", wato sannu sannu, mu ma mun san sannu ba ta hana zuwa. Mafi rauni a ayari shi ake sa wa a bayan ja-gora, mai ƙarfi ɗaya ya tsaya a ƙarshe, kuma a cikin hazo kowa ya tabbata yana ganin na gabansa da na bayansa. Hutu gajere ne, minti biyar a kowace awa, a tsaye ko a zauna kan jaka, ba kan dutse ba. A ci wani abu a kowane hutu. Dabino bakwai, ko tafin gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko dakuwa, a aljihun rigar ruwa inda hannu zai kai ba sai an sauke jaka ba. Abincin da ke can ƙasan jaka ba a cin sa ranar ruwa, kowa ƙyashin buɗewa yake. Kilishi yana da kyau, amma ƙasashe da yawa suna hana shiga da nama, a bincika kafin a ɗauka.

Akwai abin da ya fi tufa damuna, shi ne "lafiya lau". Mu mutane ne masu kara da jimiri. Ka tambayi Bahaushe yaya jiki yana kan gadon asibiti, zai ce da sauƙi. Yaro ba zai ce wa babba ya gaji ba, mace ba za ta so a ce ita ta tsayar da maza ba, babba kuma ba zai yarda yara su ga gazawarsa ba. Shi kuwa sanyin da ke shiga jiki, idan zafin ciki ya sauka ƙasa da digiri 35, hankali yake fara taɓawa, har mai shi ya daina sanin yana cikin matsala. Don haka tambayar "Malam, lafiya dai?" ba ta da amfani a nan. A ce masa, "Yaya, ɗan zuge min zif ɗin nan ka mayar," a kalli yatsunsa. A ce, "Hajiya, me muka ci da safe?" a saurari harshenta. Alamun su ne karkarwa, yatsu su kasa kama abu, tuntuɓe a wuri mai kyau, magana ta yi nauyi, mai surutu ya yi tsit ko mai haƙuri ya fara faɗa ba dalili. In karkarwar ta tsaya alhali mutum bai ɗumama ba, abin ya yi tsanani, ba sauƙi aka samu ba.

Abin yi: a kai shi inda iska ba ta bugu, a cire jiƙaƙƙun kaya gaba ɗaya, a sa busassu, a shimfiɗa katifa ko jakunkuna tsakaninsa da ƙasa, a sa shi a jakar barci, a rufe kai. A cika gora da ruwan zafi, a naɗe ta da riga, a ajiye a ƙirji ko hammata. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi shayi mai ɗumi da sukari cokali uku. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a kara shi da wuta, kada a ɗura wa wanda ya fara gyangyaɗi abin sha. A motsa shi a hankali, kuma a kira ja-gora tun a alamar farko.

Da an dawo masauki, kafin shayi, kafin hira, a canza kaya. Sannan ƙafa. Fatar da ta wuni a jiƙe tana yin fari ta yamutse, kuma ita ce ke saurin yin bororo. A wanke, a tsane har tsakanin yatsu, a bar ta ta sha iska na rabin awa, a shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan, a sa busasshiyar safa. Inda aka ji yana zafi-zafi a dunduniya, a manna filasta tun bai tashi ba, a kan busasshiyar fata, in ba haka ba ba za ta kama ba. Takalmi kuma a zare shimfiɗar cikinsa, a sassauta igiya har ƙasa, a cusa takarda ko busasshen tsumma, a canza bayan awa biyu. Kada a kai shi bakin murhun kuku. Duk wanda ya taɓa zama kusa da dukawa ya san abin da wuta ke yi wa jiƙaƙƙiyar fata: ta ƙandare ta tsage, gam ɗin da ya riƙe tafin takalmin kuma ya saki. Gara takalmi mai danshi da wanda tafinsa zai ɓalle a hanyar Kibo. Safar da aka matse sosai ta rage danshi kawai, a sa ta a ciki tsakanin riga da suwaita, zafin jiki zai busar da ita kafin dare. Mai ɗiga kuwa kada ta kusanci jakar barci.

A gida da hunturu wasu na shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa, kuma mun sha jin yadda hakan ke ƙarewa. A ɗakin katako ko tanti haɗarin ya fi haka, domin iskar da ake shaƙa dama ta yi ƙaranci. Gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, alamunta kuma ciwon kai da jiri da tashin zuciya, daidai da na ciwon tsauni, wato rashin lafiyar da ƙarancin iska a saman dutse ke jawowa, sai a ɗauka dutsen ne. Ba risho, ba gas, ba gawayi, ba garwashin turare a wurin kwana. Masu tanti su bar 'yan tagogin sama a buɗe ko ana ruwa, in ba haka ba numfashinsu zai taru a rufi ya riƙa ɗigo musu, kuma kada jaka ko ƙafa ta tura bangon ciki ya taɓa na waje, ta nan ruwa ke ratsowa.

Ranar sanyi ba a jin ƙishirwa, amma numfashi a wannan tsawo yana fitar da ruwa da yawa. Lita uku zuwa huɗu ake so a wuni, kuma fitsari ne ma'auni: in ya yi ja-ja, an gaza. A Horombo ruwa yana tafasa a wajen digiri 88 maimakon 100, don haka a bar shi yana tafasa minti uku. Ƙwayar tsarkake ruwa tana son aƙalla minti 30, a ruwan sanyi fiye da haka, kuma bayan ruwan sama ƙorama tana gurɓacewa, sai an tace da ƙyalle tukuna. Garin citta da kanumfari a 'yar kwalba ba su da nauyi, suna sa a sha ruwan da ba a yi niyya ba.

Salla ma tana son shiri. Ƙafar Basakkwace da kanta take juyawa gabas, amma Kilimanjaro yana kudu da Makka kusan kai tsaye, alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas. Ranar hazo ba rana ba inuwa, sai kamfas, kuma a sauke jadawalin lokutan salla na Moshi tun ana da intanet. Matafiyi yana ƙasaru, raka'a huɗu ta koma biyu, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba. A roƙi kuku ruwan ɗumi don alwala, rabin lita ya isa. In babu, kuma mutum yana tsoron ruwan sanyi zai cutar da shi, malamanmu na Malikiyya sun halatta taimama, kuma ana yin ta a kan dutse, ba dole sai ƙasa ba. A tsinci dutse mai faɗi kamar tafin hannu a ajiye cikin ɗaki ya bushe. Huffin fata ma yana da amfani ƙwarai: a sa shi bayan cikakkiyar alwala, a riƙa shafa a kansa, ƙafa ta huta da jiƙewa sau biyar.

Daga Azahar zuwa Magariba lokacin yake tsawo. Mutum takwas ko goma a wuri ƙunci, kaya na ɗiga a igiya, tagogi sun yi gumi, ba abin gani a waje sai fari. Kada a kwanta a yi ta barci, domin numfashi yana raguwa a barci, a tashi da kai kamar zai tsage, dare kuma ya gagara. A zauna a ɗakin cin abinci tare, a sha shayi, a zana dara a kwali a buga da duwatsu da 'ya'yan dabino, mai karatu ya yi karatunsa. Zaman tare yana da wata fa'ida, ido yana kan kowa. Wanda ya janye ya koma ɗaki shi kaɗai, ya ƙi abinci, a bi shi a duba.

Ciwon kai kaɗan da rashin son abinci a wannan tsawo ba baƙon abu ba ne, farasitamol da ruwa da hutu kan isa. Amma mai irin waɗannan alamu ba ya ƙara hawa sai sun tafi. In kuwa akwai amai a kai a kai, ko haki alhali mutum yana zaune, ko tari mai kumfa, ko ya kasa tafiya a miƙe idan aka ce ya riƙa ɗora dunduniya a gaban yatsu, to sauka ake yi nan take, ko dare ne ko ana ruwa. Abu biyu kuma sun shafe mu musamman. Wanda sauro ya ciza a Sakkwato mako ɗaya ko biyu kafin tafiya, zazzaɓin yana iya tashi a kan dutse, don haka in jiki ya yi zafi a faɗa wa ja-gora daga inda aka fito, kada a jingina komai ga tsauni. Sannan sikila: mai ita ba ya wannan tafiya, mai AS ma ya ga likita tukuna, domin ƙarancin iska da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna iya taɓa saifa. Ciwo mai tsanani a hagu ƙarƙashin haƙarƙari ba na jira ba ne.

Sanyi yana shanye batir. A kashe neman layi, a sa waya da ma'ajin caji a aljihun ciki kusa da jiki, da dare a jakar barci. Tun a gida a gaya wa iyali cewa ana iya yin kwana biyu ko uku ba a ji murya ba, don kada shirun ranar ruwa ya hana Inna barci.

A waiwayi 'yan dako. Su suka ɗauko kayan ayari a ka, kilo 20 ga kowane ɗaya bisa ƙa'idar gandun, kuma jiƙaƙƙen kaya ya fi busasshe nauyi. Da yawansu tufarsu ba ta kai ta baƙi ba. Madugu ya tambaya ko sun sami wurin kwana busasshe, ko sun ci abinci mai zafi. Kada a aiki mutum cikin ruwa don abin da zai iya jira. Rigar ruwan da aka zo da ita ta biyu, in ba mai bukata a ayari, a ba da aronta yau.

Bayan Isha'i madugu da ja-gora su zaga mutum ɗaya ɗaya, kowa a keɓe, don mai jin nauyin jama'a ya iya faɗin gaskiya: ciwon kai nawa cikin goma, ya ci abinci, ya yi fitsari, yana da busassun kayan kwana. Wanda za a bari a Horombo ko a mayar Mandara a yanke yau, a san mataimakin ja-goran da zai zauna da shi. Sauran su haɗa jaka tun da dare: jakar barci a ƙasa da zarar an tashi, kayan kwana a kanta cikin jakarsu a ɗaure, rigar ruwa da safar hannu a sama, dabino a aljihu, tocila a inda hannu zai lalubo cikin duhu. A karɓi ruwan zafi a gora mai kauri, a murɗa murfin sosai, a kife ta a ga ba ta yoyo, a zura ta cikin safa a tura ƙasan jakar barci wajen ƙafa. Da asuba ta huce, ita ce ruwan sha na farko a hanyar Kibo.